Tukunyar da Ba a Ɗagawa

Ni na kai tukunyar kusurwar ɗakin da hannuna, kwana biyu kafin Senami ta zo duba gida. Tukunyar ƙasa ce ta sefa ɗari biyar. Na lulluɓe ta da farin ƙyalle, na yayyafa manja da garin masara a gindinta, yadda Baba Agosu ya koya mini. Shi ne mai gidan. Ni magini ne, ina zaune a ɗan ɗakin bakin ƙofa ba haya, ina yi masa gyare-gyare.

A ƙarƙashin tukunyar tayil huɗu sun fashe, bango kuma ya tsage daga tushe. Ta nan ruwa yake ɓullowa duk daminar da ta sauka a unguwarmu ta Agla, a Kwatano. Idan ɗan haya ya yi wata biyu, sai Baba ya zo ya ɗauke tukunyarsa. Ranar tashi kuma ya nuna fashewar, ya nuna takardar shiga da ba ta ambace ta ba, ya riƙe kuɗin ajiyar wata uku.

Senami mai kitso ce. Ta zo da hantsi, riƙe da littafin 'yan makaranta da waya. Tsohon mai gidanta ya cinye mata kuɗin ajiya a kan mariƙin ƙofa, ta kuwa rantse ba za a sake ba. Ta ƙirga gilasan taga ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe famfo ta tsaya tana kallon gindinsa. Ta soka cajarta a kowane soket, ta ƙwanƙwasa silin da sandar tsintsiya. Duk abin da ta gani sai ta ɗauki hotonsa, sannan ta rubuta.

Baba Agosu yana jingine da ƙofa yana dariya. "'Yata, kitso kike yi ko aikin kwastan? Ga gizo-gizo can, ki sa shi a lissafi."

"In za ka caje ni kuɗinsa ranar tashi, Baba, yanzu zan ƙirga ƙafafunsa."

Baba ya juyo gare ni. "Kai, Dosu, wannan ta fi ƙarfinmu."

Sai ta iso kusurwar. Ta tsaya. Ta zare takalmanta.

"Na wane ne, Baba?"

"Na mahaifiyata. A ɗakin nan ta cika. Ba mu ƙarasa mata hidimarta ba tukuna, ki yi mini haƙurin wata biyu."

Tsohuwar a can garin Wida ta rasu, ƙafarta ba ta taɓa taka gidan nan ba. Senami mai zuwa coci ce duk Lahadi, amma a garinmu ba wanda yake ɗaga ƙyallen mamacin wani gida, kome addininsa. Hoto ma ba a ɗauka. Ta mayar da wayar cikin jaka, ta ɗan rusuna, ta ce a hankali, "Mama, mun shigo. Ki karɓe mu."

Daga nan ta juyo gare ni. "Yaya Dosu, kai ka san gidan nan ciki da waje. Akwai abin da na bari?"

Baba bai ko dube ni ba. Yana sakace haƙori.

Na ce, "Ban taɓa ganin wanda ya duba kamar ke ba."

Gaskiya na faɗa. Na sha juya maganar nan a raina, kuma har yau ban sami harafin ƙarya ko ɗaya a cikinta ba. Wannan ne ma yake damuna.

Ta sa hannu, Baba ya sa, ni ma na sa a matsayin shaida. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirga masa sefa dubu saba'in da biyar, kwasar adashin da ta shekara tana zubawa. Baba ya tura su aljihu, ya hau babur ya tafi.

Da la'asar na same ta tana shara, ta kewaye kusurwar ba ta bari tsintsiya ta taɓa wurin ba. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata kome. Da farko ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ni na sayo tukunyar a kasuwa, har na faɗa mata kuɗinta. Sannan ta sa sandar tsintsiya ta ture ƙyallen, ta ja tukunyar gefe. Ta ga tsagar. Ta zauna a kan ƙullin kayanta.

"Mutum nawa?"

"Ke ce ta huɗu."

"Za ka faɗi haka a gaban mai unguwa?"

Shekarata hamsin da takwas. Bayana ba ya ɗaukar bulo kuma, kuma ba ni da kuɗin ajiyar ko da kejin kaji a Kwatano. Na ce, "Ƙanwata, ni ma a ƙarƙashinsa nake kwana."

"Ai na ga ɗakinka." Ta dube ni sama da ƙasa. "To, me ya kawo ka?"

Na ce na ga ya kamata ta sani.

"Da safe ya kamata in sani. Da safe maganarka dubu saba'in da biyar ce. Yanzu ko ruwan leda ba za ta saya ba. Ka zo ka sauke kayanka a ɗakina ne don ka ji sanyi a ranka, Yaya. Ni kuma in shekara ina gaishe ku kai da shi, ina sane."

Na ce ina da ragowar siminti, zan toshe tsagar, in nemo tayil masu kama da waɗannan, ba sai ta biya ni ba.

"Zai riƙe?"

Na so in ce zai riƙe. Ta tsare ni da ido, kuma ban iya yaudararta sau biyu a rana ɗaya ba.

"Zuwa ruwan farko," na ce.

Ta miƙe ta ɗauki tsintsiyarta. "Matsa. Kana taka mini shara."