Hanyar da Yangdol Ta Sara a Jikin Dutse

…kuma ba za ta sauko ba. Su yi ta kallo. Ga su can ƙasa a kan rufin gidaje, ƙanana kamar tururuwa, hannu a goshi suna kare rana. To su kalla. Me ya rage musu in ba kallon ba? An kulle kasuwar Leh, an kulle makaranta, har ɗakin ibada an ja ƙofa, lamomi, limaman addinin Buddha, na karatunsu su kaɗai a ciki. Yanzu Yangdol ce talabijin ɗin ƙauye. A sha kallo lafiya.

Diga. Ɗaga, saki. Ɗaga…

Ƙasar nan ba ta san tausayi ba. Tsakuwa a sama, dutse a ƙasa, ko tsinken ciyawa babu. Wannan lanƙwasar ce kwana ta goma sha bakwai a hanyar keken, ita ce ta ƙarshe. Sha shida suna bayanta, tun daga kan tudun da tutocin addu'a ke kaɗawa, suna lanƙwasowa a jikin dutse, faɗinsu bai fi kamu biyu ba. Yanzu ita kaɗai. Ita da diga, da shebur, da manjagarar da haƙoranta biyu suka zube.

Tsaya. Tsaya tukuna — iska.

Ta jingina da ƙotar diga, baki buɗe. Tana ja, tana ja, abin ba ya kaiwa ƙasa, sai ka ce an cusa tsumma a ƙirjin. Ɗaya… biyu… kada ki zauna. In kin zauna za su ce ta faɗi.

"Huhunki ya yi tabo, Yangdol-le. Ki koma ƙasa, Jammu ko Delhi, inda iska ke da kauri. Keke kuwa ki manta da shi."

Likita ke nan, ta bayan takunkumi biyu da gilashi. Ki manta da shi! Shekara goma sha huɗu tana gyaran keke a ɗan shagonta, tana jan Turawa zuwa ƙolin Khardung La, ta riga su kaiwa, ta dafa shayi, ta zauna jiransu suna isowa suna amai — ita za a ce wa ta manta? Kuma Delhi? Delhi fa ya ce? Ai daga can ta ɗauko cutar.

Kaca, birki, taya goma sha biyu, duk a kwali ɗaya. Da ɗan tari. Ɗan tari kawai, irin na ƙurar hanya. Aba, mahaifinta, shi ya buɗe mata ƙofa, shi ya karɓi kwalin, shi ya zuba mata shayin man shanu, ya ga kofinta ya huce ya ce ba ni nan, ya kurɓa, ya ƙara mata mai zafi. Kofi ɗaya, Aba. Me ya sa ba ka ɗauko naka ba? Yana nan kusa da hannunka…

Kwana tara. Tana ɗaki ɗaya a asibiti, yana na gaba, bango ne tsakaninsu. Ta fito. Shi mutane huɗu cikin fararen ledoji suka fitar da shi, suka ƙona shi ba kowa nasa a wurin, tana kwance da roba a hanci tana tambayar mai jinya ko Aba ya ci abinci. Ta ce ya ci. Ta ce ya ci sosai.

Dutse. Nemo mai faɗi. Wancan — a'a, wancan zai yi rawa. Babba a ƙasa, a karkata shi ciki, ƙanana su cike haƙoran, sannan ƙasa, sannan a daddage da bayan shebur har gefen kwanar ya tashi kamar bakin kasko, yadda taya za ta jingina ba ta zame ba.

"Kafin ki sa dutse, duba inda ruwa zai bi."

"Wane ruwa, Aba? Nan da ake yayyafi sau uku a shekara?"

"Rana ɗaya zai zo, kuma duka zai zo. Matsa."

Bara ke nan, a kwana ta farko. Shekara ashirin yana rabon ruwan gonakin ƙauye, bai taɓa ganin gini mara kyau ya wuce ba. Ya hau ne wai don ya yi mata dariya. Hanyar da ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa ɗakin ibada, ina take zuwa? Ƙasa, Aba. Ai ko dutse na tura ƙasa zai je, bai nemi a yi masa titi ba! Yana tsiya yana jera duwatsu. Lanƙwasa uku na farko hannunsa ne. Sauran sha huɗu…

Ita ta kawo. Haka suke cewa a bakin rafi, suna janye jarkokinsu in ta doso. An cire jar takardar killacewa da aka liƙa musu a ƙofa tun tuni, amma har yau mutane na tsallaka hanya. To, ni na kawo. Na yarda. Sai me? In kwanta in mutu don ku ji an yi adalci? In zauna a ɗaki ina kallon kofinsa? Ama, uwata, na can, tun ranar ba zagi, ba lallashi, sai dai kowace safiya gurasar khambir biyu da fulas a bakin ƙofa. Da zagin ta yi da ya fi sauƙi.

Wani na hawowa. Hular nan — Azhang Motup ne, ƙanen Ama, shi ke riƙe da garin bana. Dubi yadda yake haki, shi mai huhu biyu lafiyayyu. Ya tsaya taku goma daga gare ta, ya ja gyale ya rufe hanci. Wata biyu da warkewa, har yanzu taku goma.

"Nomo, 'yar yayata, ba ki ji dokar kulle ba ce, ko kunnen ma cutar ta taɓa?"

"Na ji, Azhang-le. An ce a nisanci mutane. Ka ga wanda ya fi ni nisa? Kai ne ma ka biyo ni."

"Bakin nan naki! Jiya 'yan sanda sun sake zuwa. Kowa na kulle da 'ya'yansa, ke kina yawo a kan dutse kamar akuya. Dattawa sun zauna. In aka ga kin hau keken nan, ba za a saki ruwa gonar uwarki ba. Yau da azahar ne layinku."

"Ruwan da Aba ya…"

"Kada ki kira sunansa." Muryar ta karye masa a tsakiya. Ya juya, yana gangarawa a karkace, duwatsu na zubowa a bayansa.

Kada in kira sunansa.

Sha'ir ya fito kamar yatsa uku, in ya rasa ruwan yau sai bayan kwana tara, kafin nan rana ta gasa shi. Sun sani. Sun san inda za su taɓa. A kan ƙadangaru zan yi tari? Duwatsu zan shafa wa? Ba cutar suke tsoro ba, so suke su ga kaina a ƙasa. Su gan ni a tsugune ina neman gafara, su ce ayya, su yafe, su ji daɗin kansu. Ba za su yi ba ma. Burga ce. Wa zai iya tsayawa a gaban Ama ya toshe mata ruwa? Ƙanenta? Burga ce… ko?

Ta daddage ƙasar ƙarshe. Ta taka da ƙafa, ta yi tsalle a kai. Bai motsa ba. Shi ke nan. An gama.

Keken na jingine a inuwar dutse. Ta kalle shi. Ta kalli ƙauyen.

Tura. Lanƙwasa sha bakwai, zuwa sama, hannu a kan keke, kai a sunkuye. Taku ashirin, tsaya. Taku goma sha biyar, tsaya. Goma. Wasu baƙaƙen ɗigo na iyo a idonta. Wata huɗu ba ta hau ba, ko a fili. Idan likitan ne ke da gaskiya fa? To ya zo ya faɗa a nan. Ya hau ya faɗa. Kwana ta tara, inda ta fasa farce. Ta biyar, inda ta yini tana kuka tana sara, ba ta san wanne ke fitar da gumin ba. Ta uku… dubi jerin nan. Ko wuƙa ba za ta shiga tsakanin duwatsun ba. Tsohon nan! Wai dariya ya zo yi.

Sama. Tutoci na bugun iska, sun koɗe. Daga nan komai fili ne, ja da toka, har zuwa fararen duwatsu masu ƙanƙara, ƙauyen kuwa ɗan koren tabo kamar an ɗiga shi da kuskure. Hular kwano. Igiyar ta yi mata yawa, ta rame. Ja ta. Yatsa ɗaya a kan kowane birki.

Idan na hau, an gani. Idan ban hau ba — wata biyu na me? Duwatsunka na me, Aba?

Ta taka feda.

Iska! Ga iskar da ake rowa, tana shiga baki da kanta. Kwana ta ɗaya — kwanta, jingina, taya ta kama, ta fita. Ta riƙe! Ta biyu. Ta uku, Aba, kamar an shafa mai, ka gani? Ka ga inda take zuwa? Saki birki. Saki, matsoraciya, ke ce kika gina. Tsakuwa na tashi a baya, tana jin ƙararta a jikin ƙarfe. Ta shida, ta bakwai, jiki ya tuna abin da likita ya ce a manta, gwiwoyi sun tuna, duwawu ya koma bayan sirdi da kansa. Wa ke ihu? Ita ce. Yangdol ce ke ihu, su ji, su fito da tsofaffinsu da jarirai su ji, ga mai cutar nan tana saukowa!

Ta goma sha ɗaya, tayar baya ta zille, ƙafa ta taɓa ƙasa — a'a, a'a, koma — ta dawo. Ƙirji wuta. Ba komai. Ya ci. Sha huɗu. Hannuwa sun fara mutuwa. Sha biyar, sha shida, baƙaƙen ɗigon nan sun dawo da 'yan'uwansu. Sha bakwai, ɗanya, ƙasarta ko bushewa ba ta yi ba — jingina — ta riƙe.

Daga nan ba aikinta ba ne. Tsohuwar hanyar awaki ce miƙe zuwa bakin gonaki. Wata biyu tana zagayawa ta kwazazzabo safe da yamma don kada ta bi nan. Yanzu keke ba ya zagaye.

Ga shi. Ɗan murhun laka a kan tudu, fari, bakinsa baƙi. Na gidansu. A nan aka ƙona kakanta, a nan masu fararen ledoji suka…

Birki. Ba ta ce wa yatsun su matse ba. Keken ya kwanta, ita ma ta kwanta, kumatu a kan tsakuwa mai zafi, tayar gaba na juyawa ita kaɗai. Ƙarami ne ashe. Yaya aka yi ka shiga nan, Aba, kai da kafaɗun nan naka? Na zo. Na makara, amma na zo. Da keke na zo, yi dariyarka…

Iska. Ina iskar ta tafi? Ja. Ja mana. Tari, ɗanɗanon ƙarfe a harshe.

Daga inda take kwance ana ganin bakin magudana, inda ruwa ke rabuwa zuwa gonarsu. Mutum uku a tsaye. Hular Azhang. Sun riga sun jera duwatsu da ɓawon ƙasa, ruwan ya juya yana bin wata hanya. Sun yi. Ashe ba burga ba ce. Ƙanen Ama na ciki ɗaya, ashe zai iya.

Waccan kuma wace ce ke tahowa ta kan kunya, a hankali, tana dafa gwiwa? Doguwar riga mai ruwan ƙasa, an tattare ta an ɗaure a ƙugu.

Ama.

Ba ta tsaya taku goma ba. Ta ratsa tsakaninsu kamar itatuwa ne, ta shiga ruwan da takalmanta, ruwan ƙanƙara, har gwiwa — shekara saba'in, Ama, ƙafafun da ke hana ki barci! Ta sunkuya. Ta ciro dutse ɗaya, ta ajiye a gefe. Azhang na ɗaga hannu, yana magana, ba a jin komai daga nan. Ta ciro na biyu. Ɗaya daga cikin mazan ya mayar da na farko. Ta sake ciro shi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ba ta kalle su ba, ba ta kalli dutsen nan ba, kuma ta sani, dole ta ji ihun, duk ƙauye ya ji.

Ni na ce ba zan durƙusa ba. Ni na faɗa, da ƙarfi, daga can sama inda ba mai iya taɓa ni. Ga wadda ke durƙushe a cikin ruwa.

Tashi. Tashi, Yangdol, bai fi taku ɗari uku ba, kin san wane dutse za a fara cirewa, Aba ne ya koya miki. Hannu a ƙasa. Gwiwa. Ƙasar na juyawa… bari ta tsaya. Numfashi ɗaya mai kyau kawai take nema, wanda zai kai ƙasa, sai ta miƙe. Wannan — a'a, bai kai ba. Na gaba. Ama, riƙe dutsen, ina zuwa. Na gaba…