Gwaibar Malam Barnabas

Shekarar da ma'aikata suka kwararo Abuja, duk mai kango a Suleja ya ɗaga hanci. A lokacin ne maƙwabciyata Tabita, matar marigayi Malam Barnabas, ta sa gidanta na unguwar Hashimi a kasuwa. Ciwon ƙafa ya ci ƙarfinta, 'yarta Lidiya za ta tafi da ita Jos.

Ɗaki huɗu ne da rijiya. A baya kuma, gindin gwaiba, nan mijin nata yake kwance.

Wani ɗan kwangila, Alhaji Mu'azu, ya taya dubu ɗari biyu. Da zai tafi ya tsaya ƙofata neman ruwan alwala, ni kuwa bakin nan nawa ba ya zama. Na ce, "Alhaji, matar nan gara ka ƙwaƙule mata ido da ka taɓa kabarin can." Ya yi murmushi, ya ba ni goro biyu.

Washegari ya dawo da dillali. Ina jikin katanga ina shanya, kunnena na can.

"Maman Lidiya, ni ba na sayen gida da gawa. A tone shi, ki tafi da abinki."

"Haba Alhaji! Shekara tara yana kwance, wa ya tsare wa hanya?"

"To wa zai kama haya kusa da kabari? Sai dai ki sassauta."

Ta sauke dubu ashirin. Ya miƙe yana karkaɗe riga. Ta sauke wasu ashirin, ta bar masa tankin ruwa, ta ɗauki la'adar dillali, har kwanon rufin da ke yoyo ta ce ita za ta canja. Sannan ya ce ya saya. Aka rubuta a takarda gaban mai unguwa: ba za a tone kabari ba. Ta dangwala hannu tana godiya.

Wata uku da tafiyarta aka sare gwaibar, aka malala kankare a wurin, aka ta da ɗaki na biyar. Wani masinja ke haya ciki, gadonsa daidai kan Malam.

Na tare shi. "Alhaji, ina alkawari?"

"Inna Kande, kin ga na tona?"

Da Kirsimeti Tabita ta aiko direba da atamfa, wai in tsinko mata gwaibar Malam ko biyar ce, ta ji ɗanɗanon gida. Na shiga kasuwa na zaɓo masu kyau, na ƙulle a leda na ba shi.