Tsuntsayen da Ke Waiwaye

Wosilatu, wadda duk unguwar Kemta ke kira Iya Ronke, ita ta jawo wa kanta. A taron dangi ne, ana shirin addu'ar cikar mahaifiyarsu shekara goma da rasuwa, ana ta gardamar ankon da za a yi, sai ta buɗe baki ta ce ita za ta zana wa yayarta Alhaja Sidikatu zanen adire, wanda ake yi wa ado da talge kafin a rina shi, irin na hannun marigayiya, don Alhajar ta ɗaura ranar. Kowa ya san tsohuwar ta yi suna a Abeokuta wajen zana tsuntsaye da talgen rogo, kowa kuma ya san Alhaja ce ta gaje ta kafin rawar hannu ta raba ta da sana'ar. Wosilatu kuwa makaranta aka kai ta tun tana ƙarama, ta ƙare aikinta tana karɓar haihuwa a asibiti. Sai da ta yi ritaya ta fara taɓa gashin kazar da ake zanen da shi, shi ma don kada zaman gida ya ishe ta.

Alhaja ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, ungozoma. Allah ya nuna mana."

Wannan "ungozoma" ɗin ya tsaya wa Wosilatu a rai. Tana son yayarta matuƙa, tana kuma tsoron bakinta, kuma ba abin da take so a duniya kamar Alhaja ta ɗaga zanen ta ce e, wannan hannun uwarmu ne.

Matsalar ita ce ba zanen tsohuwar ko ɗaya da ya rage a gida. Wasu an sayar, wasu an raba wa dangi, wasu sun tsufa sun koma tsumma. Sai hoto guda, wanda wani ɗan uwa a Kwatano ya ɗauka da waya ya turo wa Ronke, 'yar Wosilatu, ita kuma ta zuba shi a tsohuwar kwamfutarta ta bar wa iyayenta ta koma Legas wurin aiki. A hoton tsohuwar na zaune a kujerar mai hoto, ta ɗaura zane mai layi-layin tsuntsaye. An kai an buga shi a takarda, tsuntsayen suka fito kamar ƙosan da ya ƙone. A waya kuma sun yi ƙanƙanta. A kwamfuta ne kawai ake iya buɗa hoton har a ga yadda kowane layi ya tafi.

Ranar farko Wosilatu ta dama talgenta ta tace, ta shimfiɗa farin yadi a babban teburin baranda, ta raba shi gida-gida, ta jera gashin kaza da tsinken tsintsiya. Mijinta Lamidi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke ganin ba injin da ya fi ƙarfinsa, ya girke kwamfutar a kan kujera, ya sa lambar sirri, ya buɗa hoton, ya koma ɗaki da jaridarsa. Ta tsoma gashin ta ja bakin tsuntsu na farko, ta gangaro wuya, ta ɗaga ido don ganin fiffike. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

"Baba Ronke, abinku ya mutu."

Ya fito yana gyara tabarau. Ya girgiza ɗan maus ɗin da ke gefe, fuskar ta haska, amma babu hoto, sai wurin sa lambar sirri. Lambar kuwa doguwa ce, Ronke ta cakuɗa haruffa da lambobi a ciki, shi kuma da yatsa ɗaya yake bugawa yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya buɗe, ya koma ɗaki. Ko zama bai gama yi ba ta sake kiransa.

Minti ɗaya tak abin yake yi ya ɗauke. Wosilatu ta gwada taɓawa da kanta sau ɗaya, talge ya gangara tsakanin maɓallai, harafi guda ya maƙale, Lamidi ya yi ta sakatarsa da tsinke yana mita. Daga nan ya kafa doka kada ta ƙara kusantar kayan mutane da wannan hannun. Shi kuma aikin eleko, wato zane da talge, ba ya jira. In ka tsaya a tsakiyar layi talgen ya bushe a bakin gashin, in ka ci gaba sai a ga mahaɗa, kuma bayan an tsoma yadin a rinin baba wannan mahaɗar za ta fito fili kowa ya gani. Saboda haka duk lokacin da fuskar ta ɗauke, Wosilatu ba ta tsayawa. Sai ta yi tsaki ta ci gaba da ja da ka, har maigida ya gama farautar haruffansa.

"Batir ne," in ji Lamidi da yamma, cikin muryar wanda ya gano bakin zaren. Ya jona ta da wuta. Ta ci gaba da kullewa abinta.

Washegari ya tashi da shirin yaƙi. Ya ci ƙosai da kokonsa a gaban kwamfutar, ya shiga saiti ya yi ta yawo har ya iske wurin da aka rubuta lokacin da za ta yi barci. Ya mayar da shi kada ta taɓa barci, ya miƙe yana karkaɗe hula.

"Iya Ronke, zo ki ga aikin maza. Na hana ta barci har abada."

"Sannunku da ƙoƙari," ta ce, ta tsoma gashi. Tana kaiwa wutsiya fuskar ta ɗauke.

"Kun ce kun hana ta barci."

"Ai wannan ba barci ba ne. Suma ce."

Ta yi dariya har sai da ta ajiye gashin. Shi ma ya dara, amma abin ya ci masa rai. Ya lura in dai ana motsa maus ba ta kullewa, sai ya jawo kujera ya zauna gefen matarsa yana ɗan tura shi da yatsa. Hakan ya yi aiki, sai dai Lamidi mutum ne mai labari. Zai fara ba ta tarihin wani direban jirgi da ya tsaya sayen doya a Ilorin ya bar fasinjoji a rana, hannayensa biyu su tashi sama suna kwatance, maus ya zauna shi kaɗai, fuska ta yi baƙi. Ko kuma bayan ya cika ciki da amala gyangyaɗi ya kwashe shi, shi da kwamfutar su tafi tare.

Dabararsa ta gaba ita ce ta fi kowacce. Ya ɗauko fanka mai juya kai, ya ɗaura wa maus zare, ya ɗaure ɗaya bakin a kejin fankar. Fanka ta juya hagu ta ja maus, ta dawo dama wani zaren roba ya mayar da shi. Fuskar ta tsaya cak tana haske. Lamidi ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabci ya zo ya gani, suka tsaya suna jinjina kai. Ba wanda ya tuna da talge sai mai shi. Iskar ta busar da shi a bakin gashin tun kafin ya taɓa yadi, wanda ke cikin kwano ya yi ɓawo a sama, gefen yadin kuma ya ɗaga yana neman kifawa kan ɗanyen zane.

"Ku kashe min wannan abu kafin in ɗaura ku a jikinsa," in ji Wosilatu, ta danne yadin da gwiwar hannu.

A nan ne Lamidi ya sauke girman kai ya kira 'yarsa. Ronke ta saurari labarin tun daga batir har fanka, ta yi dariya har da tari.

"Baami, me ya sa ba ku kira ni tun jiya ba? Ni na sa ta haka tun ina makaranta, 'yan ɗakinmu sun cika leƙe. Wurin barci daban, wannan daban. Ku nemi inda aka ce abin da ke rufe fuska in an daina taɓawa."

"Na gan shi."

"Akwai wurin minti. Nawa aka sa?"

"Ɗaya. Ke da wa kike gaba haka?"

"Ku ƙara shi sosai. A ƙasa akwai ɗan akwati da aka yi wa alama, wanda ke sa ta nemi lambar sirri. Ku cire alamar."

Ya cire. Suka zuba wa fuskar ido su biyu, ba mai motsi. Tsohuwa na zaune a kujerarta tana kallonsu, ba ta tafi ko'ina ba. Lamidi ya ce wa 'yarsa daman nan yake shirin dubawa, ta ce ta sani, ta gaishe su ta kashe waya.

Murnar Wosilatu ba ta daɗe ba. Yanzu da hoton ya tsaya, ta samu damar duba shi a tsanake ta kuma duba yadinta, wanda ta riga ta ci fiye da rabinsa. Tsuntsayen hoton duk gaba suke kallo, wuyansu a miƙe. A yadinta kuwa iri biyu ne. Waɗanda ta zana tana kallon hoto sun miƙe wuya yadda ya kamata. Waɗanda ta ja da ka lokacin da fuskar ke ɗaukewa duk sun lanƙwasa wuya suna waiwayen wutsiyarsu, kuma su suka fi yawa. Talge in ya kama yadi ba a goge shi a sake, damina ce kuma, sabon yadi ba zai bushe a rina shi kafin ranar addu'a ba. Ta zauna a bakin tebur, kunya ta rufe ta tun kafin kowa ya gani.

Da hantsi washegari Alhaja Sidikatu ta sauka daga kan acaba ba sanarwa, wai ta zo ganin inda aka kwana. Wosilatu ta durƙusa gwiwa biyu ta gaishe ta, Lamidi ya sunkuya ya taɓa ƙasa, sannan ya fara ba da labarin yadda ya shawo kan kwamfuta. Alhaja ta wuce shi ta nufi tebur.

Ta daɗe tana kallon yadin. Wosilatu ta ga gara ta faɗa da bakinta.

"Egbon mi, yayata, ku yi haƙuri. Injin ne yake ta ɗaukewa, ni kuma ina gudun layi ya yanke. Waɗannan masu waiwayen kuskurena ne. Ga na Maami, uwarmu, can a hoto."

Alhaja ta juya ga kwamfutar, wadda ba ta taɓa ganin hoton cikinta ba. Ta matsa kusa, ta sa Lamidi ya buɗa mata shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, Wosilatu ta zaci kuka ne, ashe dariya ce.

"Wannan kuke ta wahala a kansa? Har da fanka, in ji maƙwabcinku? Wannan ai zanena ne."

"Naku?"

"Na farko da na gama ni kaɗai. Dubi wuyansu kamar an haɗiyi sanda. Shekara nawa Maami tana fama da ni in juya wuyan tsuntsu a ja ɗaya, ban taɓa iyawa ba, kullum sai layin ya yanke min a kwana. Da na gama wannan ta karɓa ta ɗaura ta tafi wurin mai hoto, don kawai in ji daɗi."

Ta koma kan yadin. Ta miƙa yatsanta mai rawa ta bi wuyan ɗaya daga masu waiwayen, ba ta taɓa shi ba, tun daga baki har inda ya lanƙwaso ya sadu da fiffike. Dariyar ta tsaya.

"Na Maami duk waiwaye suke yi," ta ce a hankali. "Ba za ki tuna ba. Kafin a kai ki makaranta a cinyarta kike wuni, ta riƙe hannunki da gashin kuna ja a kan ƙyalle. Ni ina gefe ina jin haushi." Ta share ido da bakin gyalenta. "Wosila, wannan hannun uwarmu ne."

Daɗi ya cika Wosilatu, ta dafa tebur tana dariya hawaye na zuba, ta bar tambarin yatsu biyar na talge a gefen yadin, ba wanda ya damu.

"To miƙaƙƙun fa?" ta tambaya. "Sun ɓata shi."

"Bar su nan. Nawa ne, su ma 'yan gidan ne." Alhaja ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki kwanon talge ta riƙe da hannu biyu a cinyarta. "Baba Ronke, rufe mana injin nan."

Lamidi ya buɗe baki. "Alhaja, kun san irin wuyar da na sha kafin ta yarda ta tsaya?"

"An gode, Allah ya saka. Rufe."

Ya rufe yana gunaguni, amma bai koma ɗaki ba, ya tsaya a bayansu. Wosilatu ta zaɓi sabon gashi, ta tsoma a kwanon da ke ɗan kaɗawa a hannun yayarta, ta sunkuya kan gidan da ba a zana ba tukuna. Ta ja baki, ta gangaro, ta juya wuyan a ja ɗaya.

"Ƙara wani," in ji Alhaja. "A hankali, ina so in ga yadda kike yi."