Kada Ki Yi Waƙa, Mama

…wai kada ta yi waƙa. Ko a zuci. Tamar, da ta tsufa tana ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu a Kafanchan, yau sa'an ɗan cikinta ke hana ta! Nuru sunansa, mai kula da na'urar ɗaukar hoto a asibitin nan. Ya ɗaura mata bel a ƙasan ƙirji, ya ce shi ke gaya wa na'ura sanda huhu ya hau da sanda ya sauka. Hoto biyu ne, ɗaya na siffar jiki, ɗaya na inda ciwo ke shan sukarin allurar da aka yi mata, sai a ɗora wannan kan wancan. "Mama, numfashi kawai, irin na kullum."

Na kullum? Wanne ne na kullum?

Gado na shigewa da ita ciki. Sanyi… hannuwa a saman kai.

Wancan karon da aka fara ɗaukar hoton, ai tsoro ne. Me mutum zai yi da tsoro in ba waƙa ba? Ba ta buɗe baki ba, Allah shaida. Amma ƙirji ya san baiti — ja dogo, riƙe, riƙe, sai mata sun amsa — tulu na bugawa, Paulina a hagunta tana rigan kowa shiga amshi, Paulinar da suka binne a Kwoi lokacin haƙar citta… ita ma huhu. Hoton ya fito dishi-dishi. Tabon ƙasan huhunta ya watse kamar bula a ruwa, likita ya kasa cewa ko ciwon dajin nononta ne ya koma can, ko tsohon tabon tari.

Ya kasa cewa. Wayyo, daɗin da ta ji!

Ta koma gida da "ba a sani ba". Ta yi shara, ta ci kasuwa, ta ba da waƙa ran Lahadi har murya ta dushe. Emilia 'yarta ce mai kuka: "Mama, mu koma Legas a sake." Tana can waje da cikinta, ƙafafu a kumbure, an ce kada ta matso kusa sai allurar ta bar jiki. So take ta sani ko uwarta ce za ta wanke mata jariri.

Shiga… fita. Bel na matsewa, yana saki.

Baiti ɗaya kawai. Wa zai sani? Hoto ya sake lalacewa, ta sake samun 'yan makonni… Ga shi nan ya taso a maƙogwaro — a'a. Emilia ta sake bin wannan doguwar hanya da cikin nan? Haba, Tamar.

Ta haɗiye. Shiga… fita… shiga.

"Yauwa Mama, haka," in ji Nuru ta lasifika. "Yanzu komai zai fito tas."

Tas. Hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta, ba halin sharewa, an ce kada ta motsa. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa. Da ƙirjinta take taya su nemo ciwon… kuma ta iya, Ubangiji, ta iya sosai.