Lungun Kajin Gwaggo

Ta ɗaga farantin gwajin ta haska shi a taga, sai ga abin da ta yi wata bakwai tana nema. A tsakiya wani ɗan tabo ne kamar an barbaɗa alli, kewaye da shi kuwa fili ne fes. Ƙwayar cutar da ta shuka a farantin, wadda ta gagari magunguna uku a asibiti, ta kasa matsowa kusa da shi.

A ɗakin binciken jami'a, Mai Cokali ake ce mata, don duk gidan da ta shiga sai ta zaro cokali daga jaka ta ɗebi ƙasa. Wasu bakteriya masu zare-zare take farauta, waɗanda ke ruɓar da busasshen ganye ya zama taki, kuma daga danginsu aka samo magunguna da yawa.

Farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa ya gyara tabarau ya duba. "Daga ina wannan?"

Ta buɗe littafinta. "Lungun kaji, gidan gwaggona."

"To a ƙaro ƙasar. Inda aka samu ɗaya, 'yan'uwanta na nan."

Ta kira Gwaggo a waya.

"Ɗaga murya, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Magina ne a kaina, yau ake shafe tsakar gida da siminti. Na gaji da taɓo."

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta faɗa bas. Duk fasinjan da ya tsayar da direba ji take kamar ta sauke shi da hannunta.

Ta tarar an shafe tsakar gidan sumul, saura lungun kajin, magini ya turo baro cike da kwaɓi.

"Malam, don Allah dakata!"

"Hajiya, siminti ba ya jiran mutum."

"Minti biyar."

Ta bi ta kan katakon da aka shimfiɗa, ta tsugunna ta hau kankarar ƙasa da cokali. Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu.

"Digiri biyu, a ce kin ƙare a kashin kaji? Ubanki ya san wannan?"

Mai Cokali ta yi dariya, ta miƙa mata leda ɗaya. "Sunsuna, Gwaggo."

"Ƙanshin ruwan farko."

"Ƙwayoyin da nake nema ne ke yin sa. Kuma wata a cikinsu ta hana wata muguwar cuta motsi yau da safe."

Gwaggo ta dubi ledar, ta dubi lungun. "Shekara ashirin ina share wurin nan, ashe magani nake kwasa ina kaiwa bola. Zai yi wa gwiwata?"

"Ba na gwiwa ba ne. Kuma kafin ya zama magani sai a yi shekara goma. Wataƙila ma ba zai zama ba."

Magini ya yi gyaran murya. "In zuba?"

Gwaggo ta sake duban lungun. Ita ce ta yi wata guda tana mitar lungun nan, har tana cewa shi za a fara shafewa.

"Juya baronka," ta ce. "Kai shi bakin ƙofa, akwai rami a can."

"Nan fa? Zai ɓata aikin, Hajiya."

"Bar shi a ɓace." Ta juya ga 'yar ɗan'uwanta. "Ke kuma tashi ki wanke hannu ki ci abinci. Shekara goma ba a fara ta da yunwa."