Ƙafar Birki

Tela yana ɗaure zaren maɓalli na ƙarshe sai yatsansa ya ji wani kaushi a gefen aljihun rigar. Ya ɗaga ta wajen hasken taga. Huda ce 'yar ƙarama, zagayayya, ba ta fi kan ashana ba, bakinta ya yi baƙi ya ƙandare. Shekara ashirin da biyu yana kan keken ɗinki. Ya san hudar ƙusa, ya san ta ɓera, ya san ta dutsen guga. Wannan ta wutar taba ce.

"Yaya Tela, ka taimaka ka yi sauri," in ji matar Dogo daga bakin ƙofa. "Ƙarfe biyu likita ya ce mu zo. Shi kuma abokin naka ya kafe sai wannan rigar zai sa, wai ita ce ta fita kunya."

"Yana ina?"

"Ya ɗingisa wajen Mai Walda tun safe. Zaman gida ya ishe shi."

Tela ya ninke rigar, bai miƙa mata ba. Shi ya ɗinka ta da hannunsa mako uku da suka wuce. Taba kuwa yau wata biyu cif da suka bar ta, su ukun: shi da Dogo da Mai Walda. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami.

"Je ki shirya, ni zan kai masa," ya ce.

Dogo direban bas ne, kuma duk abin da direba ya mallaka a duniya ƙafarsa ta dama ce. Ita ke taka mai, ita ke taka birki, ita ke ciyar da mace da 'ya'ya huɗu. To wannan ƙafar ce ta fara sanyi, ta koma zugi, har babban yatsa ya buɗe da gyambon da ya ƙi warkewa. Likita ya ce hanyoyin jini ne suka toshe. Za a iya yin aiki a buɗe su, amma shi ba zai sa wuƙa a jikin mutumin da ke busa hayaƙi ba. A bar taba wata biyu, a dawo. In an ƙi, ƙafar ce za ta tafi.

A ranar Tela ya rufe shago, ya yi ta yawo har ya samo tabar lantarki guda uku, irin wadda ake caji kamar waya, a zuba mata ruwa mai ƙamshi, a zuƙi tururi, ba wuta ba toka. Ya raba musu a bayan shagon walda, inda suka shekara goma sha biyar suna zama bayan abincin rana, kara ɗaya yana zagaya bakuna uku. Ya ce ba za a bar Dogo ya sha wuya shi kaɗai ba, ko duk su bari ko duk su mutu. Dogo ya jujjuya tasa ya ce ai wannan usur ne, saura a ba su jan kati. Suka yi dariya, suka tafa, Mai Walda ya murƙushe sauran kwalinsa da guduma a gabansu. Tela ya koma gida ranar yana ji kamar ya ciro mutum daga rijiya.

Yau bai bi ta ƙofar shagon ba, sai ya ratsa lungun da ke ɓullewa baya. Warin ne ya fara yi masa maraba. Abin takaici, sai ya ji bakinsa ya kawo yawu.

Suna nan kamar yadda suke tun asali. Dogo a kan benci, ya ɗora ƙafar mai bandeji a kan gwangwanin fenti. Mai Walda a kan tsohuwar taya, tabarau ɗin walda a goshi. Kowanne usur ɗinsa na rataye a wuya da igiya, tsaf, kamar na masu gadi. Dogo ya zuƙa, ya lumshe ido, ya miƙa wa Mai Walda sauran. Daidai nan Mai Walda ya ɗaga kai, nan take hannunsa ya koma bayansa.

"A'a, mutumina! Yau kai ne a wajen namu?"

Tela ya jefa rigar a cinyar Dogo, ya sa yatsa a kan hudar. "Mene ne wannan?"

Mai Walda ya leƙo, ya ɓata fuska kamar mai nazari. "Tartsatsin walda ne. Jiya ya matso kusa ina aiki."

"Tartsatsi ba ya tafiya shi kaɗai. In ya samu riga, huda goma zai yi mata. Fito da hannunka kafin ka ƙone wandon da ni zan gyara."

Hayaƙi na tashi ta bayan kafaɗar Mai Walda a hankali. Ya fito da hannun, ya yar da guntun, ya taka.

"Ƙyale shi," in ji Dogo. "Ni na roƙe shi."

"Tun yaushe?"

Suka dubi juna. Mai Walda ya sosa ƙeya. "Mun dai yi kwana tara."

Kwana tara. Wato mako bakwai ke nan suna raina masa hankali. Duk ranar da suka biyo ta ƙofar shagonsa suka ɗaga usur suka busa masa tururi yana ɗaga musu babban yatsa, wasan kwaikwayo ne. Duk ruwan da ya sayo ya aika musu, mai ƙamshin lemo, mai ƙamshin na'a-na'a, yana can a wani lungu yana shan ƙura.

"Don me kuka ɓoye min?"

"Don kada ranka ya ɓaci," in ji Mai Walda.

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Da sun zage shi da ya fi sauƙi. Shekara goma sha biyar suna shan yawun juna a kara ɗaya, yau shi ne ya zama wanda ake ɓoye wa hannu a baya, kamar ɗan sanda ko suruki.

"Raina?" Muryarsa ta tashi har mai wanki na maƙwabta ya leƙo ta katanga. "Raina kuke tausayi? Ƙafarka fa, Dogo! Ba tawa ba ce, ba ta wannan shashashan ba ce. Da me za ka taka birki? Kai kuma, mutum na kan hanyar rasa ƙafa kana kunna masa ashana, har kana kiran kanka aboki?"

Mai Walda ya sunkuyar da kai. Dogo kuwa bai sunkuyar ba. Ya gyara zaman ƙafar a kan gwangwanin da hannu biyu, ya cije leɓe har zugin ya wuce.

"Ka gama? To ni ma bari in tambaye ka. Kai da ka ce mu bari tare, ina ka shiga?"

"Ina shagona mana."

"Yauwa. Da can taba ce ke tayar da kai daga kan keke, don ba ka isa ka kunna wuta kusa da yadin mutane ba. Dole ka fito, ka zo nan, mu zauna. Wannan usur naka kuwa a kan keke kake shan abinka, ƙafa na takawa, baki na zuƙa. Tun da ka same shi ka daina fitowa. Ni ina gida, motata na hannun wani, ƙafa na ci na kamar an zuba garwashi, ina kallon bango. Na ɗingiso nan rana ɗaya, biyu, har tara. Wurinka a bencin nan babu kowa. Sai ni da wannan, kowa na tsotsar ƙarfensa, babu mai miƙa wa wani komai. Rana ta goma na ce ya sayo kara ɗaya, mu tuna da."

"Kuma kai ma ba abin da ka daina," in ji Mai Walda, ganin an samu ƙofa. "Da can kara shida kake sha a yini. Yanzu tun safe abin nan na bakinka kamar jariri da nono."

Tela ya buɗe baki zai ƙaryata, sai ya tarar hannunsa na cikin aljihu, ya damƙe abin gam. Gaskiya dai ɗaci gare ta, amma ta fi ɗaci in ta fito daga bakin mai laifi.

A cikin tasi matar Dogo ce kaɗai ke magana. Tana gaba, tana waiwayowa, tana lissafa yadda za a yi: aiki mako mai zuwa, jinya wata ɗaya, sannan mai motar ya yi alkawarin mayar masa da makulli. Maza uku a baya, ƙafar Dogo a kan cinyoyin biyun. Mai Walda ya zaro alewar na'a-na'a ya tura wa Dogo a ɓoye.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Tela, yana kallon taga.

"Me ka ce, Yaya Tela?"

"Cewa na yi hanya ta yi cunkoso."

A asibiti Mai Walda ya tsaya a baranda, ya ce shi warin magani na juya masa ciki. Tela ya riƙo kafaɗar Dogo suka shiga. Nas ta miƙo wata 'yar na'ura mai bututun takarda, mai auna hayaƙin taba a numfashi, ta ce Dogo ya ja numfashi ya riƙe, sannan ya hura. Ya hura. Ta dubi lambar da ta fito, ta juya wa likita ya gani. Likitan bai yi faɗa ba. Daga ganin fuskarsa ya gaji da yi wa manya faɗa tun shekaru da dama.

"A kwance bandejin," ya ce.

Dogo ya kai hannu zai kwance da kansa, nas ta ture hannun. Da ta ɗaga ƙyalle na ƙarshe sai wari ya cika ɗakin, matar Dogo ta toshe baki da mayafi. Wata biyu da suka wuce gyambo ne a kan yatsa ɗaya. Yanzu yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya hau bayan ƙafa yana neman idon sawu.

"Tun yaushe ya zama haka, Malam?"

"Kwana goma, ko sha biyu."

"Shi ke wanke abinsa," in ji matar. "Ya hana ni taɓawa. Ya ce yana warkewa."

Likita ya danna nan, ya danna can, ya ɗora wata na'ura a ƙauri yana saurare, ya daɗe yana matsar da ita sama. Sannan ya cire safar hannu ya jefa a kwando.

"Maganar buɗe hanyar jini ta wuce. Yanzu sauran jikin muke so mu tsira da shi. Za mu ba shi gado yau, jibi a yi aiki. Ƙasa da gwiwa."

Matar Dogo ba ta yi ihu ba. Ba ta ma dubi mijinta ba. Sai ta juyo ta dubi Tela.

"Yaya Tela, ba kai ka ce in kwantar da hankalina ba? Ka ce kullum kuna tare."

Ya faɗa, kuma a ranar da ya faɗa har ransa ya ɗauka gaskiya ce. Nan nas ta kira ta zuwa ofis don cika takardu.

Aka turo Dogo baranda a keken marasa lafiya, ana jiran a gyara gado. Mai Walda ya ji labari, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Da ya juyo idanunsa sun yi ja kamar ya yini yana walda ba tabarau.

"Zan haɗa maka sanda," ya ce. "Ƙarfe mara nauyi, mai roba a ƙasa. Wallahi irin wadda ba a taɓa yi wa kowa ba."

"Madalla," in ji Dogo, har da 'yar dariya. "Ga amfanin abota da masu sana'a. Kai kuma Tela, wanduna shida gare ni. In an kwana biyu sai ka aika a karɓo."

"Rufe min baki."

Haushi ya cika shi har wuya, na Dogo, na Mai Walda, na kansa, bai san wanda ya fi ba. Ya so ya fita ya bar su, ya so ya shaƙe ɗaya daga cikinsu. Amma ido ya riga ya saba da aikinsa, ba ya neman izini. Bai so ba, Allah ya sani bai so ba, sai ga idon nasa ya sauka daga ƙugun Dogo, ya bi cinya, ya wuce gwiwa kaɗan, ya tsaya. Inci talatin, da biyu na kalmasa.

Dogo yana kallonsa tun ɗazu.

"Ka gama awon?"

"Na gama," in ji Tela.