Biko da Turanci

A gidan Malam Sirajuddeen da ke Kalgo, Turanci aiki ɗaya gare shi, wato faɗa. Da Hausa ake gaisuwa, da ita ake cin abinci, da ita ake wasa da dariya. Amma da zarar rai ya ɓaci tsakaninsa da matarsa Rahama sai su juya harshe, don kada mahaifiyarsa Inna Larai, wadda ɗakinta ke kallon nasu, ta ji abin da ake ciki. Inna kuwa ba ta buƙatar tafinta. Tana jin an fara "yes" da "no" take ɗaukar tabarmarta ta koma gindin darbejiya.

Malam Sirajo malamin Turanci ne a wata sakandare, kuma ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Cutarsa ɗaya ce: kunnensa ba ya iya barin kuskure ya wuce. Ko a gidan gaisuwar mutuwa wani ya karya Turanci, za ka ga yatsansa na dama ya miƙe da kansa. Abin da ya fi ƙauna a duniya, bayan Rahama, ko a ce tare da ita, shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban aikatau, su "may" da "might" da "can" da "should", da irin abokan da kowacce ke yarda ta jera da su. A tsakar gida yake gwada darasinsa kafin ya kai aji, Rahama na yankan kuɓewa tana saurare. Shi a zatonsa kuɓewar kawai take yanka.

Ranar da abin ya faru, Rahama ta dawo daga asibitin da take aiki a Diggi, ƙafafunta a kumbure, ta tarar ko ruwa ba a jawo ba, Malam na kishingiɗe yana duba takardun jarrabawa. Ta tsaya a kansa, idonta cike da hawaye, ta ce, "I can't able to continue like this." Nufinta ta gaji, ba za ta iya ci gaba a haka ba.

Da wani ne, da tashi zai yi ya ɗauki guga. Malam Sirajo yatsa ya ɗaga.

"Ko 'can't', ko 'not able'," in ji shi a hankali. "Guda za ki ɗauka. Haɗa su kamar mutum ya aza hula biyu ne."

Rahama ta juya ta shige ɗaki. Da gari ya waye ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta ɗauki jakarta, sai Gwandu, gidan gwaggonta Zulai wadda ta rene ta.

Da farko Malam ya ɗauka abin na kwana biyu ne. Kwana biyun ya wuce, wasu suka biyo baya, ya kira waya ba a ɗauka ba. Gidan ya yi masa faɗi. Ya gwada darasi a tsakar gida, kaji kaɗai suka halarta. Tsoro ya kama shi na gaske, tsoron kada yajin nan ya zama na ƙarshe, domin ya san Rahama ba ta yawan fushi, kuma ba ta taɓa barin gida ba sai wannan karon.

Ran Asabar Inna ta dire masa kunu ta ce, "Ni ban san mi kac ce mata ba, ban jin yarenku. Amma na ga sa'ad da kaɗ ɗaga yatsan nan. Tashi ka tahi biko, kuma in da hali ka bar yatsan gida."

Ya sayi bandar kifi mai kyau, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanya. Tun daga Birnin Kebbi yake tsara jawabinsa cikin kai, yana sa kalma yana cirewa, har ya iso Gwandu da jawabin da ko Bature ba zai sami inda zai sa jan biro ba.

Ya tarar da su a inuwar rumbu suna ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo Zulai, ya miƙa kifi. Gwaggo ta shinshina ta yaba, sannan ta gyara zama a tsakaninsu daram.

"Ba inda za ni, Malam Sirajo," in ji ta. "An ce kuna da wani yare na hwaɗa. Ku yi abinku, ni kunnena na ga gyaɗa."

Malam ya yi gyaran murya ya dubi Rahama, wadda ko kallonsa ba ta yi ba. Ya tambaye ta da Turanci ko za ta dawo gida.

"I might," ta ce, ta fasa gyaɗa.

Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa kalmomin nan tsani ne: "will" a can sama, wato tabbas, ƙasa da ita "may well", akwai kyakkyawan zato, sai "may", mai yiwuwa, sannan "might" a matakin ƙarshe, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. A nan ta ajiye shi.

Ta ɗan yi tunani ta ƙara, "I might possibly."

Ashe tsanin har rami gare shi a ƙasa. Ashe kuma ba kuɓewa kaɗai ake yanka ba duk shekarun nan.

Ya jawo jawabinsa da sauri. "I should probably have listened."

"Probably?" Ta ɗaga gira. Sai ta koma Hausa, don dai Gwaggo ta ɗan lasa. "Wato wataƙila ya kamata ka saurara, Malam? Ba ka tabbata ba?"

Ya cire kalmar kamar mai cire ƙaya. "I should have listened."

"Saura. Kai kac ce 'listen' ba ta tahiya ita ɗai."

"To you," in ji Malam, gumi na bin wuyansa.

Gwaggo ta jefa gyaɗa a baki ta ce ita dai ba ta san ana ba da haƙuri da kashi-kashi ba, sai ka ce maganin asibiti.

Ganin gefen bakin Rahama ya ɗan motsa, Malam ya ji ƙarfi ya dawo masa. Mutum kuwa in ya ji ƙarfi a nan yake zamewa. Ya bar jawabin da ya tsara, ya shiga bayanin cewa hutunta ya kusa ƙarewa, Diggi ta fi kusa da Kalgo, Inna ma ta matsu, ya rufe da cewa, "So you might as well come home."

Kalmar ba ta gama fita ba ya so ya kamo ta. Darasin makon jiya ne ma. "Might as well" ba gayyata ba ce, magana ce ta wanda ba shi da zaɓi: tunda ba wani abin yi, sai a yi wannan.

Rahama ta ajiye gyaɗar hannunta. Wannan karon ba wasa a muryarta. "Wato tunda ba ni da inda ya fi, in koma. Haka kaz zo ka hwaɗa mani tun daga Kalgo?"

Ya laluba cikin kansa, duk jimlolin nan masu kyau suna nan a jere, babu ko ɗaya da za ta yi masa rana.

Sai ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun zuwansa, ta ce a hankali, tana ba kowace kalma haƙƙinta, "I can't able to trust you." Wato ba za ta iya amince masa ba.

Yatsan ya motsa. Wallahi ya motsa, har Gwaggo ta gani. Ya taso daga kan gwiwa kamar ɗan kaza ya leƙo daga ƙwai. Malam Sirajo ya dube shi, ya dubi matarsa, ya ga idonta ya cika irin na rannan, kuma a wannan karon idonsa ya gani kafin kunnensa ya gama ƙorafi. Ya ɗaga cinya ya danne hannun duka a ƙarƙashi, ya zauna a kai.

Shekarunsa nawa yana korar irin su "can't able" daga bakin 'ya'yan mutane, yau ga shi zai saukar da su a nasa.

"Rahama," ya ce. "I can't able to do without you."

Wato ba zai iya rayuwa ba sai da ita, ya faɗe shi da hula biyu a kai.

Rahama ta sunkuyar da kai. Kafaɗunta suka fara girgiza, shi kansa bai san kuka ne ko dariya ba, kuma da alama ita ma ba ta tantance ba.

"Mi yac ce?" in ji Gwaggo, tana duban wannan tana duban wancan.

"Kuskure ya yi, Gwaggo."

"Malam guda? To gyara mai mana."

"A'a," in ji Rahama, tana share ido da gefen ɗankwali. "A bar mani shi haka nan."

Ta miƙe ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Har ta kai ƙofar ɗaki ta waiwayo.

"Gwaggo, ki ɗebi rabin kihin nan. Sauran Kalgo za a dahwa shi."